Kuɗin tallafin karatun 'ya'ya mata: in shirin ya ƙare, yaran za su tsaya?

Malama_Turai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, kuma na san gidan nan akwai malamai, akwai ma'aikatan ƙungiyoyi, akwai iyaye. Ina koyarwa a ƙaramar sakandare a wani gari can wajen Funtuwa. Duk shekara aji ɗaya cika yake maƙil da 'yan mata, har wasu su zauna a ƙasa. Kafin a kai aji uku sai benci ya fara sarari. Wata an sa mata rana, wata ta koma talla, wata kuwa haka kawai ta ɗauke ƙafa, in an aika gida a ce ai ta girma. Yanzu na ga gwamnati da ƙungiyoyi sun fi karkata ga ba iyaye kuɗi don yarinya ta zauna a makaranta. To ranar da kuɗin ya tsaya fa, yaran za su tsaya? Wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana, ban da zagi don Allah.

Baban_Sadiq: Wa alaikumus salam Malama. Kuɗin yana aiki, kar ki yi shakka. Mutanen birni suna ɗauka ƙin boko ne ke hana yarinya zuwa makaranta, alhali sau da yawa lissafi ne. Uwa tana cikin gida ba ta fita, tana soya awara ko ƙosai, ko ta dafa dafa-duka. Wa zai kai mata bakin tasha? 'Yar. In kin ɗauke yarinyar daga bakwai na safe zuwa azahar, kin kashe sana'ar uwar ke nan. Saboda haka in an ba ta wani abu a hannu, an rage mata asarar da take yi ne.

Uwar_Adashe: Baban Sadiq ka faɗi rabi. Ragowar rabin kayan ɗaki ne. Ribar tallan nan ba ci ake da ita duka ba, zubi ake yi, a sayi tasoshi yau, kwalla gobe, a tura ƙarƙashin gado har ranar da za a kai yarinya. Ga gado da katifa, ga gara. Uban da yawa zai ce shi sadaki kawai ya sani, sauran na uwa ne. Wanda bai taɓa aurar da 'ya ba ba zai gane nauyin nan ba. In an kai 'yarki ɗaki babu komai, dangin miji har ta haifi na uku suna yi mata gori.

Injiniya_BK: Bari in sa lambobi don mu san abin da muke magana a kai. Babban shirin da ake ji yanzu shi ne AGILE. Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, a jihohi 7: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, aka shigo da wasu jihohi 11, cikinsu har da Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Bauchi da Yobe. Kuma ba rabon kuɗi kaɗai ba ne, akwai gina ajujuwa, gyaran makarantu ta hannun kwamitin makaranta, koyar da kwamfuta da dabarun zaman duniya. Kafin shi akwai GEP3 na UNICEF da kuɗin Birtaniya, daga 2012 zuwa 2022, wanda aka ce ya shigar da yara mata miliyan 1.5 makaranta a jihohi 6. A ƙarƙashinsa aka gwada biyan naira 5,000 duk wata uku kan kowace yarinya a jihohin Neja da Sakkwato, kuma rijistar mata ta hau a makarantun da aka yi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: na UNICEF ɗin kyauta ce, na Bankin Duniya rance ne. Mai sauƙin ruwa dai, amma rance.

Ɗan_Ƙauye01: Au, bashi ne ma? Wato yaran da ake cewa ana taimaka wa su za su biya in sun girma.

Injiniya_BK: @Ɗan_Ƙauye01 in an gina aji ya yi shekara 30 ana karatu a ciki, bashin ya biya kansa. Abin tsoro shi ne a ci bashi a yi fenti. Kuma ka sani akwai kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, da dokar 2004 ta ware, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wanda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka. Biliyoyi sun sha kwanciya a Abuja saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Wannan ba na bature ba ne, namu ne, kuma ba ruwa a kansa.

Anti_Nas: Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana. Mutum zai kawo matarsa tana naƙuda, jini na zuba, ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi namiji ba zai duba masa mata ba. Ka tambaye shi 'ya'yansa mata nawa suka gama sakandare, ya sunkuyar da kai. To daga sama ungozomar za ta faɗo?

Shirin da ni na ga ya bar abin nunawa shi ne Women for Health, wanda aka fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara. Ba su raba wa kowa kuɗi a layi ba. Gari ne zai zaɓi 'yarsa, a kai ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta na kimiyya, sannan ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, da sharaɗin ta koma garinsu ta yi aiki. Har wurin reno aka tanada saboda masu goyo, don da yawansu matan aure ne. Na yi aiki da ɗaya daga cikinsu. Ranar da ta fara karɓar albashi ta saya wa babanta buhun taki, tsohon nan ya zagaye gari yana faɗa. Shekarar da ta biyo baya iyaye da kansu suke zuwa tambaya yaushe za a sake ɗauka. Malama Turai, amsar tambayarki a wurina ke nan: abin da ke riƙe yarinya a aji shi ne iyayenta su ga wata 'yar garin da karatun ya yi wa rana.

Abu_Hafsa: Assalamu alaikum. Ni ba na adawa da karatun mace, wanda ya yi adawa da shi ma bai san tarihinsa ba. Shehu Usmanu ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato mata masu jagorantar karantarwa, ta ɗora musu malfa, su koma ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa cikin Hausa da Fulatanci. Ta rasu 1864, babu wata ƙungiyar waje a lokacin. Amma ina da tambayoyi biyu. Na farko, me ya sa kullum mace, mace? Ku fita titi da safe ku ƙirga yaran da ke yawo da roba, maza ne. Su wa ya kawo musu shiri? Na biyu, wannan darasin dabarun zaman duniya da ake shiga ɗaki da yara mata su kaɗai, me ake faɗa musu a ciki? Uba yana da hakkin ya sani.

Malama_Turai: Allah ya gafarta Malam, ta biyun ina da amsa don na zauna a irin ajin. Tsabtar jiki ce, yadda yarinya za ta kula da kanta in ta ga al'ada, abinci mai gina jiki, yadda za ta ce a'a in wani ya tare ta a hanya, wa za ta gaya wa, da ɗan lissafin ajiya. Akwai yaran da sai a nan suka fara jin cewa jinin da suka gani ba ciwo ba ne. Amma na yarda da kai a nuna wa iyaye da limamin gari littafin tun kafin a fara. Inda aka yi haka ba a samu hayaniya ba.

Abu_Hafsa: To madalla. Ta farkon dai tana nan.

Baban_Sadiq: Ustaz, ajin da aka gina ai da maza da mata ke zama a ciki a yawancin makarantun jeka-ka-dawo. Maganar almajirai gaskiya ce, amma ba za a ce a bar wannan sai an gama wancan ba.

'Yar_Maradi: Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ina karanta ku tun ɗazu, na ga duk maganar a kan abin da za a ba mu take. Ku bari in ba ku labarin wanda ba a ba kowa ko dala ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani abu nan jihar Maradi, sunansa Mata Masu Dubara. Mata ashirin ko talatin za su haɗu, duk mako kowa ta zuba abin da aka yanke, ko dala ashirin ne ta kuɗinmu, wato sefa ɗari. Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa, kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mai bukata ta ranta, ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli da mai, ko ta sayi ɗan akuya, ta maido da ɗan ƙari. Ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba.

Innata tana ciki tun ina ƙarama. Da shi ta saya mini kayan lakwal, wato makarantar boko, da shi ta biya kuɗin mota ranar da na tafi jarrabawa. Masu furojen, wato waɗanda suka kawo shirin, sun daɗe da barin ƙauyenmu, asusun na nan, har ya haifi wasu. Yau salon nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, kuma daga wurinmu aka ɗauka. Akwai matan da daga shugabancin asusu suka tsaya takarar kansila suka ci, don sun riga sun saba magana gaban jama'a.

Uwar_Adashe: 'Yar Maradi wannan ai adashe ne aka sa masa kwaɗo.

'Yar_Maradi: Hajiya akwai bambanci. A adashe abin da kika zuba shi za ki kwasa, kuma sai ranar kwasarki ta zo. In ɗiyarki ta kwanta ciwo yau, kwasarki sai wata uku, ya za ki yi? Nan kuwa kuɗin na cikin akwati, ki ranta yau. Kuma akwai ƙaramin asusu gefe na taimako, na haihuwa da rasuwa da gobara, shi ba a maidowa. Sannan ba mutum ɗaya ke riƙe da kuɗin kowa ba, kin dai san abin da nake nufi.

Uwar_Adashe: Na sani sarai, amma ni shekara da shekaru ban taɓa cin na kowa ba, ehe.

Abu_Hafsa: Wannan "ɗan ƙarin" da ake maidowa fa? A kula, kar a gudu daga talauci a faɗa riba.

'Yar_Maradi: Malam an sha wannan gardamar a wurinmu. Wasu ƙungiyoyin sun bar ƙarin, sai su sayi hatsi da kaka da kuɗin asusu su ajiye, su sayar da bazara, ribar ta shiga akwati. Wasu kuma suna nan kan yadda aka fara. Kowane gungu shi ke yanke dokarsa.

Ɗan_Damagaram: Tunda an zo Nijar bari in ƙara. Mu nan jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. An lura duk wa'azin da za a yi wa mace kan awon ciki banza ne in mai gida bai ba da izini ba, ko bai ba da kuɗin amalanke ba. Sai aka tara magidanta da ake jin maganarsu a gari, su zauna da ma'aikatan likita, su kuma su bi 'yan uwansu maza a majalisa da bakin masallaci. A wasu garuruwan su suka yi gayya suka gina wa ungozoma ɗaki. Sarakunan gargajiya ma sun shiga ciki. Ni a ganina duk shirin da ya tsallake mai gida ya tafi wurin matarsa kai tsaye, rigima ya haɗa mata.

Maganar karatu kuma, matsalarmu nisa ce. Ƙauye na da firamare, kwaleji kuma sai babban gari. Uba ba zai aika ɗiyarsa ta zauna gidan wanda bai sani ba. Shi ya sa Bazoum, lokacin yana shugaban ƙasa, ya ɗauko gina makarantun kwana na 'yan mata, aka fara da garin Kelle. UNICEF na cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma da yawa daidai wannan gaɓar ta gama firamare abin ke faruwa.

Bakatsine: Makarantar kwana? Ɗan Damagaram ka zo ka faɗi haka a ƙauyukanmu ka ga kallon da za a yi maka. Chibok 2014, Dapchi 2018, Jangebe 2021, ga Ƙanƙara da aka kwashi maza a 2020. Bayan wannan makarantun kwana nawa aka rufe ko aka mayar jeka-ka-dawo? Ni ƙanwata tana aji biyar aka dawo da su gida, kafin a buɗe baba ya karɓi kuɗin aurenta, kuma ban iya ce masa komai ba. Ko miliyan za ka ba uba ba zai kai 'yarsa inda za a ɗauke ta da dare ba. Duk wannan lissafin naku sai da tsaro.

Anti_Nas: Allah ya kawo mana ƙarshensa. Bakatsine, in mijin mai fahimta ne ta nemi makarantar matan aure, akwai su a manyan garuruwa, tana iya zana jarrabawarta daga ɗakinta.

Ɗalibi_a_Gazipur: Salam. Ni ina karatu a Bangladesh, jami'ar fasaha ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, kuma tambayar Malama su sun riga mu gwada ta. Ƙasa ce ta Musulmi, mai yawan jama'a, da talauci irin wanda muka sani. A 1994 gwamnatinsu ta fara biyan 'yan matan karkara da ke sakandare a faɗin ƙasa. Sharuɗɗa uku: ta halarci aji aƙalla kashi 75 cikin 100 na kwanakin karatu, ta ci maki 45 cikin 100, kuma kar a yi mata aure sai ta zana jarrabawar gama sakandare. Kuɗin makaranta a biya makaranta, na hannu kuma ya shiga asusun banki da sunan yarinyar. Yau 'yan mata sun fi maza yawa a sakandarensu. Da safe in ka fito za ka gan su rututu da hijabi da jaka.

Sai dai abu biyu. Ba shirin shekara biyar suka yi suka naɗe tabarma ba, gwamnati ta riƙe shi shekaru da dama. Sannan ga masaƙu da kamfanonin ɗinki da ke ɗaukar mutum wajen miliyan 4, akasarinsu mata. Nan Gazipur da asuba hanya cika take da su suna tafiya aiki da kwanon abinci a hannu. Uba ya san in 'yarsa ta iya karatu akwai inda za ta. Mu masaƙun Kaduna da Kano sun mutu. Kuma duk da wannan, har yanzu kusan rabin 'yan matansu ana musu aure kafin 18. Don haka ya ɗaga karatu sosai, auren wuri kuwa ya rage shi ne kawai.

Ɗan_Ƙauye01: To ka ji. Mu nan wanda ya gama digiri ma yana tuƙa adaidaita.

Barista_Hauwa: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Duk abin da kuke lissafawa, kasafin kuɗi ne ke yanke shi, kuma ku duba waɗanda ke zaune inda ake yankawa. Majalisar dattawa kujera 109, mata 4. Tun 2006 manufar ƙasa ta ce a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, har babbar kotun tarayya ta yi hukunci a kai a 2022, shiru. A watan Maris na shekarar 'yan majalisa suka yi watsi da ƙudurori 5 da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Nijar da muke gani tun 2000 take da dokar kaso, a 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da 30 na naɗi. Ruwanda mata sun haura kashi 60 a majalisa. Mu a Arewa sai 1976 ma aka ba mace damar jefa ƙuri'a, bayan irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kai.

Bakatsine: Ranki ya daɗe Barista, in an ware kujerun nan wa zai hau? Matar gwamna, ƙanwar minista, 'yar shugaban jam'iyya. Mai awarar da Baban Sadiq ya faɗa ba za ta ga ko ƙofar ba.

Barista_Hauwa: Mazan da ke kai yanzu 'ya'yan masu awara ne? Ban ji ka ce a kore su ba.

Ɗan_Damagaram: Barista, mu da muka yi dokar mun ga amfaninta, mata sun ƙaru a majalisa ƙwarai. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 majalisar da aka zaɓa ma babu ita. Akwatin su 'Yar Maradi kuwa ko mako ɗaya bai fasa zama ba.

Mai_Gida_Admin: Jama'a a dawo kan tambayar Malama. Siyasa a buɗe mata nata zaren.

Maman_Ilham: Ni dai abin da na gani zan faɗa. Wata ƙungiya ta zo unguwarmu, aka ce za a koya wa zawarawa da 'yan mata ɗinki a ba su keke. Muka rubuta suna, aka karɓi hoto da lambar waya. Ranar taro aka jera kekuna sababbi fil a gaban rumfa, aka ba mu riguna masu tambari muka sa, aka ɗauki hoto kowa ta dafa keke. Da manyan baƙi suka tashi sai aka ce kekunan na waɗanda suka "kammala horo" ne, aka mayar da su mota. Mu aka sallame mu da lemo da kuɗin mota. Daga baya na ga keke ɗaya a gidan wani mai faɗa-a-ji na unguwa, matarsa ko zare ba ta iya sawa. Tun daga nan in an ce a kawo suna, ni ba na fita.

Jami'in_Fili: Maman Ilham, Allah ya ba ki haƙuri, irin wannan na faruwa kuma yana ɓata wa masu yi don Allah suna. Ina aikin ƙungiya shekaru, bari in faɗa muku inda gizo ke saƙar. Mai ba da kuɗi yana son lamba: mata nawa aka horar, yara nawa aka yi wa rijista. Wannan cikin wata uku ka kawo shi. Amma yara nawa suka gama aji shida, wannan sai bayan shekara shida, lokacin shirin ya rufe, ma'aikatan sun watse, ba wanda aka biya ya koma ya duba. Shi ya sa tambayar Malama ke da wuyar amsawa da hujja, mu kanmu rijista muka fi ƙirgawa.

Sannan ku tuna abin da ya faru a 2025 da gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje. Ayyuka da yawa cikin 'yan kwanaki suka tsaya, har da na lafiyar mata da ciyar da yara a Arewa maso Gabas. Birtaniya ma ta sanar da rage nata tallafin. Waɗanda ban ga sun girgiza sosai ba su ne irin FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna tun 1985, su Hajiya Aisha Lemu. Makarantunsu da asibitocinsu sun fi dogara da kuɗin mambobi da na iyaye. Ba su da motoci masu ƙyalli, amma suna nan.

Gwaggo_Asabe: 'Ya'yana ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Kuna ta maganar abin da bature zai kawo. Hakkin da Allah ya ba mace ma an ba ta? Miji ya mutu, tumunin takaba sai an kai ruwa rana. Uba ya mutu ya bar gona, 'yan uwa maza su ce a bar ta a haɗe, su noma su ci, ke a aiko miki da kwano biyu na gero da kaka a ce albarka. In kin yi magana a ce kin kai 'yan uwanki kotu. Da kowace mace ta riƙe gadonta, da rabin masu layin tallafin nan ba su fito ba.

Abu_Hafsa: Gwaggo ta gama magana. Wannan laifinmu ne mu masu hawa mumbari, ba ma yawan taɓa shi.

Baban_Sadiq: Ni kuma in tambaya, auren gata da Kano ke yi ta hannun Hisbah, kamar na 2023 da aka aurar da mutum 1,800 da 1,800, gwamnati ta yi gado da katifa da sadaki da ɗan jari, shi ma ba tallafin mata ba ne? Ai ya ɗauke wa uwa nauyin kayan ɗakin da Hajiya ta faɗa.

Barista_Hauwa: Ya ɗauke wa waɗanda aka yi wa. Amma zawarawan nan daga ina suke fitowa? Daga sakin da ba ka'ida, a kori mace da yara biyar ba ciyarwa. Sarki Sanusi ya taso da maganar dokar iyali a 2017, kowa ya ga irin caa ɗin da aka yi masa. Ana ɗaurawa ta gaba, ana kwancewa ta baya.

Uwar_Adashe: A haɗa biyun mana. A ce duk yarinyar da ta gama aji shida gwamnati za ta yi mata kayan ɗaki. Wallahi ku ga yadda iyaye mata za su riƙa raka su makaranta da kansu.

Injiniya_BK: Hajiya wannan shawarar ta fi wasu takardun da na karanta masu shafi ɗari.

Malama_Turai: Na gode ƙwarai, ban zaci zaren zai yi tsawo haka ba. Bari in ƙara abin da ba wanda ya taɓo, don ni kullum ina ganinsa. Bayan gida. Makaranta mai ɗaruruwan yara, ban-ɗaki biyu, ƙofa ta ɓalle, ba ruwa. Yarinyar aji ɗaya ba ruwanta. Ta aji biyu da ta fara al'ada, duk wata sai ta yi kwanaki a gida, ga audugar mata ta yi tsada, tsumma take sawa tana tsoron ta tashi a ga siket ɗinta. In ta dawo an wuce ta a lissafi, ta faɗi jarrabawa, a gida a ce ka gani, dama ba ta da kai. A jakata kullum akwai auduga da ɗan zani saboda haka. Kuma mu malamai mata a makarantar ba mu kai yatsun hannu ɗaya ba, don wadda aka turo daga birni ba ta daɗewa take neman canji.

Anti Nas, maganarki ta zauna mini, ta ganin wata 'yar gari da ta ci gaba. Amma Baban Sadiq ma bai yi ƙarya ba, akwai yaran da na san ranar da aka daina biyan iyayensu ranar za su koma ɗaukar faranti.

Ɗan_Ƙauye01: To wai yanzu an ce yana aiki ko ba ya aiki?

Jami'in_Fili: Ya danganta da wanda ka tambaya da kuma shekarar da ka je ƙirga.

Maman_Ilham: @'Yar_Maradi don Allah in mutum na son fara irin akwatin nan, sai an yi rijista da hukuma? Mu a layinmu za mu kai goma sha biyar. Kuma wa ke riƙe littafi in duk ba mu yi nisa a boko ba?

'Yar_Maradi: Ba sai da takarda za ku fara ba Maman Ilham. Su innata da farko ko littafi ba su da shi, kowace mace tana haddace nata da na wadda ke zaune kusa da ita, in an zo taro a faɗa a ji ko ya yi daidai. Yanzu dai ɗiyansu 'yan lakwal ke rubuta musu. Ku fara da zubin da mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya, kuma kar ku ba mata biyu 'yan gida ɗaya makulli. Maƙeri zai yi muku akwatin, ki ce masa mai hanci uku.

Bakatsine: Anti Nas, makarantar matan auren nan da kika ce, suna karɓar mai ciki? Don ƙanwar tawa wata biyar ne da ita yanzu.